Ƙaramin Kan Jirgi da Yaran Yauri



Mu da muka taso a ƙasar Yauri, jirgin da muka sani shi ne na ruwa. Dogo ya isa Kano tun 1911, ya ratsa Jebba da Mokwa da Zungeru, amma bai leƙo Birnin Yauri ko Ngaski ko Shanga ba. Shi ya sa ƙannenmu ke ƙera kwalekwale da babbar mota da kara da gwangwani, gwanin ban sha'awa, amma da wuya ka ga sun ƙera jirgin ƙasa. Yaro ba ya kwaikwayon abin da bai taɓa gani ba.

A Ingila da Amurka, manya masu furfura ke wannan wasa. Sukan sayi ƙananan jiragen roba, su yanke, su ɗauki ɗakin direban wannan su aza bisa ƙafafun wancan, har su fid da siffar wanda ba a sayar da irinsa. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a Amurka shi ne kashi 1 cikin 87. Da yake faɗin tsohon dogonmu ƙafa 3 da inci 6 ne, a wannan ma'auni zai koma milimita 12 ke nan.

Abin da muke ba da shawarar a fara da shi shi ne ƙaramin kan jirgi mai shan gas, wanda ke jera taragai a tasha ko masana'anta. Gane irinsa ba wuya. A ƙidaya ƙafafunsa, a duba ko ɗakin direba yana tsakiya ko a gefe guda, sa'an nan a karanta farantin maƙeransa. Wani lokaci nauyi ma labari ne. Kamfanin General Electric ya fara ƙera mai tan 44 a 1940, domin yarjejeniyar 1937 da ma'aikatan jiragen Amurka ta ce kowane mai tan 45 sai an sa wa direbansa mataimaki. Watau rowar albashi ce ta yanke masa nauyi!

Roƙonmu ga wannan ƙungiya shi ne, duk wanda hanyarsa ta hutu ta bi ta wata tasha, ya nemi izni ya zana irin wannan kan jirgi, ya rubuta tsawonsa da faɗinsa. Mu kuma mu kai zanen makarantun firamare na bakin tafkin Kainji. Kara da gwangwani kuwa, yaran suna da su.