Zango Ɗaya Da Ƙafa

Karatu: Ayyukan Manzanni 20:7-24

 

Mu nan ba mu da teku. Abin da muka sani shi ne hanyar Katsina zuwa Daura da ta ratsa garinmu, da kuma turbobin ƙauye da ake bi ran kasuwa. Amma yau za mu je bakin teku, a ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu. A kudancin ƙasar akwai wata doguwar turba ta gaɓar teku, fiye da kilomita 500, wadda aka buɗe a 1999. Ta bi ta Batara da Mira, inda Manzo Bulus ya sake jirgi. Yawancin masu bin ta ba sa ƙure ta. Kowa yakan ɗauki zangon da zai iya.

Bulus ma ya taɓa ɗaukar zango ɗaya. A Taruwasa ya kwana yana wa'azi har gari ya waye. A daren ne saurayin nan Aftikos ya faɗo daga bene, Allah kuwa ya mayar da ransa. Da safe Luka da sauran 'yan'uwa suka shiga jirgin ruwa zuwa Asus, amma Bulus ya shirya ya bi ƙasa. Tafiyar ta kai kamar kilomita 30, wato yini guda ga mai ƙafa, ga shi kuwa bai runtsa ba.

Ku dubi abin da yake gabansa. Yana hanzari ya kai Urushalima kafin ranar Fentikos. Bayan 'yan kwanaki, a Militas, ya gaya wa dattawan ikkilisiyar Afisa cewa ɗauri da wahala suna jiransa, ba kuwa za su ƙara ganin fuskarsa ba. Mutumin da yake ɗauke da irin wannan kaya yana bukatar wuri da zai sauke shi a gaban Allah. Muna ganin turbar nan ta zama masa ɗakin addu'a.

Kwanakin baya mun taka da ƙafa zuwa wani ƙauye domin mu gai da wata gwauruwa da dangin mijinta suke neman karɓe mata gona. Mun fita da shirin maganar da za mu faɗa musu, zuciyarmu tana tafasa. Amma rana da rairayi suka rage mana sauri, addu'a ta sami wuri. Kafin mu hango rufin gidan, zafin ya huce. Da mun hau babur, da mun isa da wuri, da fushinmu kuma. Sannu sannu, kwana nesa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wane Urushalima ne yake gabanki, yake gabanka? Ko asibiti ne, ko kotu, ko 'yan gida da suka juya baya saboda sunan Yesu? Kada a faɗa masa kai tsaye daga cikin hayaniya. A ware lokaci tukuna, ko da tafiya gona ce da asuba, a gaya wa Ubangiji kome.

Mu kuma lura, Bulus bai ɓace a hanya ba. A Asus ya iske 'yan'uwa, suka ɗauke shi a jirgi, suka wuce Mitilini tare. Keɓewa da Allah ba ƙauracewa ikkilisiya ba ce. Wanda ya daina zuwa sujada da sunan wai yana addu'a shi kaɗai, ya bar jirgi yana jiransa a banza.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, ka san zangon da yake gaban kowannenmu. Ka yi tafiya tare da mu, ka ba mu ƙarfin yau, ka kuma komo da mu cikin 'yan'uwa lafiya. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.