Rezo ya ɗauke: rauni ne ko toshe shi aka yi?

Makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka, na Maraɗi da Ɗan Isa, na Jibiya da Illela da Ƙonni. Yau zancen rezo za mu yi, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira sabis.

Kana kara, mai sayen bijiminka ya ce ya turo kuɗi ta waya, ka duba, babu sanda ko ɗaya. To, kafin ka zarge shi, fara gane wace irin ɗaukewa ce.

Mafi yawa rauni ne kawai. Saƙon da ke fitowa daga ƙarfen sabis ba hanya ɗaya yake bi ya iso wayarka ba. Wani ya zo kai tsaye, wani sai ya bugi tudu, ko rufin kwano, ko jikin tirela, sannan ya karkato. In sun haɗu daidai su ƙarfafa juna, in sun saɓa su kashe juna. Shi ya sa taku ɗaya ke iya dawo da kiran da ya yanke. Wanda ka gani ya hau suri yana ɗaga waya, wallahi ba wauta yake yi ba. Amma 2G na yau da kullum ba ya wuce kilomita 35 daga ƙarfe, ko kan kuka ka hau.

Toshewa daban ce. Akwai na'urar da ke watsa ƙara a kan zangon da wayarka ke saurare, kamar ka tsaya gefen injin niƙa kana kiran ɗanka. Ayarin sojoji kan ɗauke ta don hana tayar da bam ta waya. Alamarta, duk wayoyin wurin su mutu lokaci guda, Airtel da Moov da Zamani da MTN, su kuma dawo bayan motocin sun wuce. A nan, don Allah, sa wayarka aljihu. Kar ka yi ta kewaya kusa da ayari kana ɗaga ta, ba su san rezo kake nema ba.

Wani lokaci kuma ƙarfen ne aka kashe. A Satumbar 2021 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta sa aka rufe sabis a duk jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, daga baya sassan Katsina da Sakkwato suka bi. Wannan ba ya jin hawa tudu.

In rauni ne, mayar da waya kan 2G ka tura saƙon rubutu, yakan wuce inda murya ta kasa. In an toshe ko an rufe, kashe ta, don neman rezo na shanye batir.

Bijimin kuwa, riƙe igiyarsa har sai ka ga kuɗin a asusunka da idonka. Hoton rasit a wayar mai saye ba kuɗi ba ne.