Ƙarfen da Ba Ya Tsatsa Ma Yana Buƙatar Gwaji

Masu sauraro, ku ɗauki rula ta ƙarfe, ku kafa ta bisa kaifinta tsakanin bulo biyu, sannan ku danna tsakiyarta da yatsa. Maimakon ta lotsa ƙasa, sai ta kauce gefe ta murɗe. Abin da injiniyoyi ke gudu ke nan a dogayen ƙarafan da ke ɗauke da rufi ko gada.

Ƙarfe mara tsatsa, mai ɗauke da aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari na sinadarin kuromiyam, halinsa daban ne. Ƙarfen gini da muka saba yakan tsaya ƙyam har ya kai iyakarsa, mara tsatsa kuwa tun da wuri yake fara saki a hankali. Shi ya sa ake ɗora shi kan injin gwaji, ana ƙara masa nauyi, ana auna kowace milimita da ya karkata. Da irin waɗannan gwaje-gwaje ƙasashen Turai suka fitar da ƙa'idar gini da shi a shekarar 2006.

Ƙyalli ba ya ɗaukar nauyi, jama'a. Kafin a ɗora rayukan mutane a kan ƙarfe, a gwada shi. Rigakafi ya fi magani.