Na gaba ya waiwayo: yadda ɗalibin jami'a zai kama hannun ɗan'uwansa

 



Shugabannin ƙungiya sun nemi in yi magana a kan karatun jami'a, na zaɓi abu guda: yadda ɗalibin da ya gabata da shekara ɗaya ko biyu zai riƙa zama da sabon shiga, a kai a kai, har ya tsaya da ƙafarsa. A Faransanci ana ce da shi tutora. Ni zan kira shi kama hannu. Maganata da mutum biyu ce a zauren nan: kai da ke ajin tarminal ko ka ci Bak bana, da kai da ka riga ka ƙetare shekarar farko.

Iyayenmu sun san lokacin da in an ce jami'a, ana nufin Yamai, hayin gadar Kennedy. An kafa ta a 1971, a 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni, masanin kimiyyar hasken rana, haifaffen Tasawa. Jami'ar Musulunci ta Say ta buɗe a 1986. A 2010 Maraɗi da Damagaram da Tawa suka samu nasu, a 2014 aka ƙara Agadas, Diffa, Dosso da Tillaberi. Alhamdu lillahi, ƙofa ta yalwata. Amma shiga daban, fitowa da takarda daban, kuma kowa a nan ya san wani da ya ci Bak da maki mai kyau, aka yi murna a gida, bayan shekara biyu ya dawo shiru ba ya son a tambaye shi.

Me ke faruwa tsakanin murnar nan da shirun nan?

A lise, mushe ya san sunanka. In ba ka zo ba za a rubuta, in makinka ya faɗi za a kira ka. Ranar farko a amfi kuwa, ku ɗaruruwa ne, malami na can nesa da lasifika, yana magana da sauri, ba ya jiran birona ko naka. Babu mai tambayar ko ka gane. Tsarin ma sabo ne. Jami'o'inmu na bin tsarin LMD: lisans shekara 3, semestir 6, kiredi 180, watau kiredi 30 a kowane semestir. Darussa an ɗaure su rukuni-rukuni, ana kiransu UE, kuma maki 10 bisa 20 shi ne mashiga. Ga abin da sababbin shiga da yawa ba su ji ba: kiredi ɗaya ana lissafa shi awa 20 zuwa 25 na aiki, ciki har da aikin da ɗalibi zai yi shi da kansa bayan an tashi daga aji. To ku lissafa. Kiredi 30 ya kama aƙalla awa 600 a semestir guda, kuma kaso babba na waɗannan awoyi babu malami a kanka. Wanda bai san haka ba zai ɗauka in ya halarci kur ya kwafi polikopi ya gama aikinsa. Sai mako biyu kafin jarrabawa ya buɗe kaye, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙara da wahalar rayuwa: neman ɗaki, layin abinci, kuɗin kabu-kabu, jiran bursi, zafin watan Afrilu da ɗaukewar wuta. Sannan ga harshe. Mu da muka taso muna karatu da harshe biyu mun san yadda mutum kan fahimci abu sarai a ransa, amma in aka ce ya zuba shi cikin Faransancin jarrabawa sai alƙalami ya tsaya. A kan duk wannan kuma akwai kunya. Yaron da ya saba zama na ɗaya a ajinsu, yaya zai ɗaga hannu gaban mutum ɗari biyar ya ce bai gane ba? Sai ya koma ɗaki, ya rufe ƙofa, ya yi ta fama shi kaɗai.

Wannan kaɗaicin an taɓa bincikarsa. A tsakiyar shekarun 1970, wani malamin lissafi a jami'ar Berkeley ta Amurka, Uri Treisman, ya ga ɗalibai baƙar fata masu hazaƙa na faɗuwa a lissafin shekarar farko, ƴan asalin Sin kuma na cinyewa. Ya ɗauki 20 daga nan, 20 daga can, ya bi yadda suke karatu. Na farkon ba malalata ba ne, suna aiki sosai, sai dai kowa shi kaɗai. Na biyun sukan yi nasu karatun, daga baya su haɗu, su ci abinci tare, su duba aikin juna, su gyara kuskure tun yana ɗanye. Da ya kafa zaman aiki na rukuni, bai ba su tambayoyi masu sauƙi ba, masu wuya ya ba su, kuma sakamakon ɗaliban nan ya tashi ƙwarai.

A 1973 kuma, a jami'ar Missouri da ke Kansas City, wata mai suna Deanna Martin ta fito da tsarin da yanzu ya bazu ƙasashe da dama. Dabararta mai sauƙi ce. Maimakon a ware ɗalibai a ce waɗannan su ne masu rauni, sai a ware darussan da aka san suna kayar da mutane. A ɗauko ɗalibin da ya ci wannan darasi da kyau, ya riƙa jagorantar zama kowane mako, ƙofa a buɗe ga kowa. Ta haka babu wanda zai ji an nuna shi da yatsa.

Kada ku ce wannan abin Turawa ne. Wanda ya zauna makarantar allo ya san malam ba shi ke biya wa kowane yaro ba. Gardi ke biya wa na ƙasa da shi, shi ma ya juya ga kolo, malam na sa ido a kan duka. Mahaddata kan zauna su yi musaffa, wannan ya karanta wancan ya saurara, in ya yi tuntuɓe a tayar da shi. Manomi ya san gayya. Mu matasa kuma muna da fada, inda muke kashe awa uku a kan butar shayi ba mu gaji ba. Ashe kayan aikin duka na hannunmu, abin da ya rage shi ne tsari.

Me ya sa ɗan shekara ta biyu, alhali ga malamai masu digirin dokta? Malami shi ne mai ilimin, babu mai maye gurbinsa. Amma ya wuce wurin da kake tuntuɓe shekara ashirin da suka shige, har ya manta akwai dutse a wurin. Yayanka bara ya buge shi, yatsan bai gama warkewa ba. Ya san babin da ke ruɗarwa, ya san irin tambayar da ake so a TD, ya san ƙa'idar fakiltenku wajen haɗa maki da zama na biyu, tunda kowace da tata. Kuma zai iya yi maka bayani da Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek, sannan ku maida shi Faransanci tare.

Ga yadda nake ganin za mu yi shi.

Na farko, rukuni ya zama ƙarami: jagora ɗaya, sababbi 4 ko 5, ƴan fanni guda. In sun fi haka an koma amfi.

Na biyu, rana ɗaya tsayayya a mako, awa ɗaya da rabi zuwa biyu, tun makon farko na semestir. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa mafi yawan mantuwa na aukuwa ne jim kaɗan bayan an koyi abu, kuma maimaitawa da tazara ita ke tsayar da shi. Masu tilawa sun riga shi sani. Zaman mako-mako ya fi kwanan zaune uku a daren jarrabawa.

Na uku, kowa ya zo ya riga ya karanta, da tambayarsa a rubuce. Wanda ya zo hannu rabbana don a zuba masa, ya cuci sauran.

Na huɗu, kuma nan ne jagorori da yawa ke kuskurewa: jagora ba ya sake karantar da kur. Allin na hannun ƙane. Aikin jagora ya tambaya: daga ina ka fara? Me ya sa ka bi nan? Wa ke da wata hanya? In ka yi masa aikin, ya ji daɗi yau, amma ranar jarrabawa ba ka kusa da shi. A rufe kaye, mutum ya faɗi abin da ya riƙe da bakinsa, a ɗauko tambayoyin shekarun baya a yi su da agogo.

Na biyar, a ware minti goma na ƙarshe don rayuwa. Ka samu ɗaki? Ka ajiye takardunka na bursi a kan lokaci? Kana cin abinci? Kana barci? Sau da yawa abin da ke kayar da ɗalibi ba ya cikin littafi. In matsalar ta fi ƙarfinka, rashin lafiya ce ko damuwa mai tsanani, kai ba likita ba ne, raka shi wurin wanda ya dace.

Akwai kuma iyakoki, dole a faɗe su a fili. Kama hannu ba satar amsa ba ce, ba rubuta wa wani aikinsa ba ne, ba yawo da tambayoyin da aka ce sun fita ba ne. Wanda ya ci jarrabawa ta haka, gobe shi ne zai auna wa mahaifiyarka magani ko ya lissafa ƙarfen gadar da za ka hau. Ba a karɓar ko dala. Abin da ƙane ya faɗa maka na sirrinsa ko na makinsa amana ce, ba labarin fada ba. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ban sani ba, mu tambayi malam. Kuskuren da ka koyar da ƙarfin hali mutum biyar zai kayar. Dandalin WhatsApp na rukuni na tunatarwa ne da aika takardu, ba ya maye gurbin zama.

Ƴan'uwana mata, ku kun fi kowa sanin nauyin wannan magana. Namiji in ya faɗi shekara akan ce ya sake. Mace in ta faɗi, a gidaje da yawa sai a ce ai dama an faɗa, ta dawo gida hakanan. Saboda haka muna buƙatar jagorori mata, su riƙe ƙannensu mata, a wuri sananne, a lokacin da iyaye za su natsu da shi. Duk namijin da zai mai da taimako hanyar neman wani abu, ba shi da wuri a cikin wannan aiki.

Na san abin da wasu yayye ke cewa a ransu: ni ma ina da nawa karatun, ina lokaci? Gaskiya ne, lokaci na da tsada. Amma awa biyu ne a mako, kuma ba asara ba ce. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin bayyana wa wani darasi ya san a nan ne yake gano ramukan da ke cikin nasa sanin. Darussan shekara ta biyu a kan na farko aka gina su, kana taimakonsa kana gyara harsashinka. Wani kuma zai ce in na koya masa ya fi ni fa? To, sai me? Makinsa ba daga naka ake cirowa ba. In ƙanenka ya fi ka, gidanku ne ya ƙaru.

Kai kuma sabon shiga, naka aikin shi ne ka buɗe baki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗin ban gane ba a watan farko abu ne mai arha, a watan huɗu yana iya cin shekara guda, da gumin wanda ya sayar da buhun gero ko akuya don ka tafi.

Ga roƙona ga ƙungiya, kafin a koma karatu. Kowane reshe, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Yamai, ya fitar da takarda biyu. Ɗaya ta sunayen waɗanda suka ci Bak bana, da jami'a da fannin da aka tura su. Ɗaya ta yayyen da suka yarda su ba da awa biyu a mako, da darasin da suka ci da kyau. A haɗa su tun kafin yaro ya hau mota, ya sauka tasha da lambar wanda zai tarbe shi a salularsa. A naɗa mutum guda a kowane reshe da zai riƙa tambaya wata-wata ko ana zaman. Ƙarshen semestir mu zauna mu duba: su wa suka wuce, su wa suka rage, me za a gyara. Sharaɗi ɗaya kawai za mu ɗora wa wanda aka kama hannunsa bana: baɗi shi ma ya kama na wani.

Ana yi wa gwani kirari da cewa na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. A ƙungiyar nan muna so na gaba ya waiwayo. Takardun biyu na bakin ƙofa, kowa ya rubuta sunansa kafin ya fita.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya.