NG Ko NE? Lambobin Ƙasashe Da Harsuna Da Kuɗaɗe A Cikin Kwamfuta

(Jawabin da wani ɗalibin sashen kwamfuta ya gabatar a Wudil, a madadin 'yan ajinsu)

Mu shida ne muka shirya wannan jawabi, kuma muna roƙon a yi mana afuwa idan harshe ya karkace, gama mu 'yan koyo ne. Abin da za mu yi magana a kansa ƙarami ne a ido, harufa biyu ne ko uku kurum, amma saboda su mun taɓa jin kunya a gaban dattijo, har muka kusa ɓata masa amanar da ya daɗe yana riƙe da ita.

Ga yadda abin ya faru. A bara aka ba mu aiki, aka ce kowane rukuni ya ƙirƙiri manhajar da za ta amfani mutanen garin nan. To, wanda duk ya zauna a Wudil ya san ran Juma'a kasuwa ce, ya kuma san kara, inda shanu kan iso daga ƙasar Barno, da Damagaram, da Maraɗi, har da Cadi da Kamaru. Kawun ɗayanmu dillali ne a can, kuma duk lissafinsa yana cikin wani littafi mai baƙin bango. Sai muka ce bari mu sauƙaƙe masa. Muka tsara gurbin sunan bafatake, da ƙasarsa, da irin kuɗin da aka yi ciniki da shi. Da muka zo kan sunayen ƙasashe sai muka taƙaita su da ka, muka rubuta NIG a matsayin Nijeriya, muka rubuta CFA a matsayin sefa. Babu wanda ya yi tunanin a duba wani wuri, domin a ganinmu wa zai koya mana sunan ƙasarmu?

Ran da muka haɗa manhajar da wani shafin intanet mai ba da farashin canji, sai ya ce sam bai san NIG ba, harufa biyu yake so. Nan take ɗayanmu ya yanke harafin ƙarshe, ya bar NI. Shafin ya karɓa, muka yi murna, muka buga rasit na gwaji, sai ga Kawu Dillali ya zama mutumin Nikaraguwa, wata ƙasa can a tsakiyar nahiyar Amurka. Wannan dai dariya muka yi. Kuskure na biyu kuwa ba na dariya ba ne. Wani bafatake daga Damagaram ya sayar da bijimi a kan sefa 250,000, manhajarmu ta rubuta masa 2,500. Kawu ya dubi takardar, ya dube mu, ya ce, "Samari, a ina kuka taɓa ganin bijimin wannan kuɗi?" Da a ce bai duba ba ya miƙa wa mai dabba takardar, ai da magana ta kai gaban sarkin kara.

Daga nan ne muka koma karatu, muka gane cewa akwai wata hukuma a birnin Janiba ta ƙasar Suwizalan, ana kiranta ISO, wadda aka kafa a 1947 domin daidaita ma'aunai tsakanin ƙasashe, kuma Nijeriya tana ciki ta hannun hukumarmu ta SON. Kamar yadda hukumar kasuwa kan tsayad da tiya guda don kada kowane ma'auni ya zo da tasa, haka wannan hukuma ta tsayad da lambobin da kwamfutocin duniya ke gane juna da su. Muna kiransu lambobi ko da yake yawancinsu harufa ne, kamar dai yadda ake cewa lambar mota. Uku daga cikin kundayenta su ne suka shafe mu yau: ISO 3166 na ƙasashe, wanda ya fara fita a 1974, da ISO 4217 na kuɗaɗe, wanda ya fito a 1978, da ISO 639 na harsuna.

A kundin ƙasashe an ba kowace ƙasa lamba iri uku. Nijeriya ita ce NG, ko NGA, ko 566. Jamhuriyar Nijar ita ce NE, ko NER, ko 562. Wanda ke da fasfo ya buɗe ya duba layuka biyu na ƙasan shafin hoto, zai ga NGA. Adireshin intanet na ƙasarmu da ke ƙarewa da .ng daga nan aka ɗauko shi, haka ma .ne na maƙwabtanmu. Ita kuwa NIG da muka rubuta da farko, babu ita a kundin ISO ko kaɗan. A fagen wasanni take, kuma a can ma sunan Nijar ne, domin FIFA na rubuta Nijeriya da NGA, hukumar wasannin Olamfik kuma da NGR. Wato mun yi kuskure biyu a harufa uku. Kuma kada wani ya ce ai da hankali ana iya cintar lambar ƙasa. Cadi TD ce, saboda yadda Faransawa ke rubuta sunanta. Aljeriya DZ ce, Jamus DE, Binin BJ, Afirka ta Kudu ZA. Har jihohi an ba su nasu: Kano NG-KN, Katsina NG-KT, Jigawa NG-JI, Jihar Neja kuwa NG-NI, ga NI ɗin nan ta sāke dawowa da wata ma'ana dabam. A Nijar da alƙaluma aka yi, Maraɗi NE-4, Damagaram NE-7.

Mu koma kan bijimin nan. Lambar kuɗi yawanci lambar ƙasa ce aka ƙara mata harafin farko na sunan kuɗin, shi ya sa naira ta zama NGN, riyal ɗin da alhazanmu ke canzawa ya zama SAR. Amma sefa ba ta ƙasa ɗaya ba ce, don haka aka fara lambarta da X. Ba ma sefa ɗaya ba ce, biyu ce. Akwai XOF ta ƙasashe takwas na Afirka ta Yamma, cikinsu har da Nijar da Binin, wadda babban bankinta ke Dakar. Akwai kuma XAF ta ƙasashe shida na Afirka ta Tsakiya, cikinsu har da Cadi da Kamaru, wadda babban bankinta ke Yawunde. Darajarsu ɗaya ce a gaban yuro, amma takardunsu dabam ne, kuma ɗan canji a Wapa ya san bambancin ko da ɗalibin kwamfuta bai sani ba. Sa'an nan kundin yakan faɗi ƙananan kuɗin da ke cikin kowane kuɗi. Naira tana da gurbi biyu bayan ɗigo, saboda kwabo ɗari ne naira guda. Sefa ba ta da ko ɗaya. Mu kuwa mun koya wa manhajarmu ta riƙa ajiye kuɗi da kwabo, in za ta nuna sai ta raba gida ɗari, muka ɗauka duk kuɗin duniya haka suke. Ta raba sefa 250,000 gida ɗari, bijimi ya koma kuɗin kaza.

Bari mu ɗan ratse kaɗan. Ko a bakin Bahaushe ma wannan rikici yana nan, tun kafin kwamfuta. In dattijon Kano ya ce jaka, naira 200 yake nufi, domin fam ɗari ce jaka, kuma da aka kawo naira a ranar 1 ga Janairu 1973 fam guda ya zama naira biyu. In mutumin Maraɗi ya ce jikka, sefa 1,000 yake nufi, in ya ce dala kuma sefa biyar. Dillali yakan warware wannan da tambaya ɗaya, "Kuɗin ina?" Kwamfuta ba ta san ta yi tambaya ba, abin da aka rubuta mata shi take bi.

Wurin da muka fi so mu daɗe a kai shi ne harshe, domin a nan ne kuskure ya fi yawa kuma ba a cika lura da shi ba. Lambar Hausa ita ce ha, mai harufa uku kuma hau. Yarabanci yo ne, Ibo ig, Fulfulde ff, Barbarci kr. Harsunan da suka sami lamba mai harufa biyu ba su kai ɗari biyu ba a duk duniya. Sai a 2007, da aka fitar da sashe na uku na kundin, aka ba harsuna fiye da dubu bakwai lamba mai harufa uku, har Badanci ya sami bde, Ngizim ya sami ngi, Gwandara gwn. To, mun ga 'yan'uwa da dama suna gina shafi da Hausa, in an zo gurbin harshe sai su rubuta ng, a zatonsu ai harshen Nijeriya ne. Alhali kuwa a kundin harsuna ng sunan Ndonga ne, wani harshe na ƙasar Namibiya, ne kuma harshen mutanen Nepal. Sakamakon haka shi ne manhajar bincike ba za ta kai Bahaushe ga shafin ba, mai gyaran rubutu zai ja jan layi a ƙarƙashin kowace kalma, manhajar da ke karanta wa makafi kuma za ta furta Hausar da wani baƙon baki. Marubucin zai yi ta mamakin me ya sa ba a zuwa shafinsa, ga shi kuwa shi da kansa ya gaya wa duniya cewa ba Hausa ya rubuta ba.

A ra'ayinmu tushen wannan kuskure shi ne ɗaukar harshe da ƙasa abu guda, kuma mu Hausawa mu ne ya kamata mu fi kowa sanin ba haka ba ne. Ana Hausa a Zangon Kumasi, ana yi a Garwa da Njamena, ana yi a ƙasar Sudan. Shi ya sa ba mu yarda da al'adar sa tutar ƙasa a matsayin alamar harshe ba. Wace tuta za a sa wa Hausa ba a fitar da mutumin Tawa ko na Agadas ba? Hanyar da aka tsara ita ce a haɗa lambobi biyu in da bukata: ha-NG Hausar Nijeriya, ha-NE ta Nijar, ha-GH ta Gana. Kuma bambancin yana da amfani, don a Nijar ana rubuta ƴa da harafi mai lanƙwasa, mu kuma muna rubuta 'ya. Rubutun ma yana da tasa lambar: ha-Latn boko ke nan, ha-Arab kuma ajami. Duk wanda zai shigar da rubuce-rubucen malamanmu na ajami cikin kwamfuta ya lura da wannan, in ba haka ba za a jera masa su cikin littattafan Larabci, mai neman Hausa ba zai gan su ba.

Wani ɗan ajinmu ya ce to mu haddace lambobin mana, kamar yadda muka haddace jihohi da manyan biranensu a firamare. Haddar tana da kyau, amma ba ta isa ba, domin lambobi suna sākewa. Bolta ta Sama HV ce, da ta zama Burkina Faso a 1984 sai ta koma BF. Zayar ZR ce, ta koma CD a 1997. Sudan ta Kudu ta sami SS a 2011. Gana ta yanke sifili huɗu daga kuɗinta a 2007, sidi ya tashi daga GHC ya koma GHS, wanda ya rikita su ya yi kuskuren ninki dubu goma. Saliyo ma ta sāke tata daga SLL zuwa SLE a 2022.

Saboda haka dabarar ita ce dubawa, kuma kayan dubawar kyauta ne. Hukumar ISO ta buɗe jerin ƙasashe a shafinta, ƙasashe da yankuna 249, kowa na iya gani. Mai aiki da Python yana da kundin pycountry, wanda in ka ba shi NG zai ba ka suna da sauran lambobin, in ka ba shi abin da babu shi ya nuna maka babu. Mai aiki da JavaScript yana da Intl a cikin harshen kansa, wanda ya san gurbin ɗigo na kowane kuɗi, da mun yi amfani da shi da bijimin nan bai rame ba. Akwai kuma rumbun CLDR na ƙungiyar Unicode, inda aka tara sunayen ƙasashe da watanni da kuɗaɗe cikin harsuna masu yawa, har da Hausa, kuma mutane ne irinmu ke shigar da kalmomin suna gyara su. Gargaɗi guda kawai: lambar Namibiya NA ce, kuma kundin pandas, wanda yawancinmu ke lissafi da shi, yakan ɗauki NA a matsayin gurbin da babu kome in ba a hana shi ba, sai ƙasa sukutum ta ɓace daga jadawali ba wanda ya ankara.

Ga 'yan'uwanmu ma'aikata, ba sai kun iya rubuta manhaja ba kafin wannan ya shafe ku. Ku ne ke tsara fom, ku ne ke karɓar aikin da ɗan kwangila ya kawo. In aka bar gurbin ƙasa a buɗe kowane akawu ya rubuta abin da ya ga dama, wani Nig., wani NGR, wani Niger, to ranar da za a ƙidaya 'yan Nijar nawa suka zo asibiti ko makaranta ba mai iya rarrabewa, sai an koma ana buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya. Ku nemi a sa jerin zaɓi wanda ke nuna wa akawu cikakken suna da Hausa ko Turanci, yana ajiye lambar a ɓoye. Ku tambayi ɗan kwangila daga wane kundi ya ɗauko jerinsa, kuma yaushe ya sabunta shi.

Mu dai mun gyara tamu manhajar cikin mako biyu, mun mai da ita kara, yanzu tana bambanta XOF da XAF, tana kuma buga rasit da Hausa. Kawu ya karɓa, yana amfani da ita, amma bai jefar da littafinsa mai baƙin bango ba, kowace Juma'a da yamma sai ya gwada lissafin biyu.