Jawabin mataimakan malamai ga iyayen yara



Mu ne mataimakan malamai da kuke gani a rumfar karatun yara. Yawancinmu daga unguwar Alsahafa ta Khartum muka fito, wasu daga Omdurman, bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe makarantu. A cikinmu akwai ɗalibar jami'a, akwai tela, akwai malamin allo, amma babu mai takardar koyarwa.

Da farko mun sha wuya. Ɗan shekara goma ya manta haruffa, wata yarinya kuwa da an buga ƙofa sai ta shige ƙarƙashin benci. Tsawa muke yi musu, don ita muka sani.

Shi ya sa muke zama duk Alhamis bayan la'asar muna koya wa juna. Mutum ɗaya ya koyar da darasin da ya gagare shi, sauran mu zama ɗalibai, sannan mu yi masa gyara. A nan muka koyi raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ba, da fassara darasin Larabci da Hausa ga ƙanana, da rarrashin yaron da ya firgita.

Roƙonmu biyu ne. Ku turo yara kullum, har da 'yan mata, ko da babu littafi. Wanda ya taɓa koyarwa a cikinku kuma ya zo mana ranar Alhamis, muna buƙatar iliminsa.

Allah ya mayar da mu gida lafiya.