Amanar Ƙwaryar Nono



A watan Maris na 2024 hukumomin Amurka suka tabbatar cewa murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta kama shanun tatsa a jihohin Teksas da Kansas. A Nuwamban shekarar, ma'aikatar lafiya ta jihar Kalifoniya ta sanar da cewa an gano ƙwayar cutar a ɗanyar madarar kamfanin Raw Farm da ke Fresno. Nan take aka kwashe madarar daga kantuna, aka yi shelar lambar rukunin da abin ya shafa, aka ce wanda ya saya kada ya sha.

Me ya sa hakan ya yiwu? Saboda kowace kwalba tana ɗauke da sunan mai ita da lamba da kwanan wata, ana iya bin sawunta har gonar da ta fito. Mai saye kuwa, idan ya ga ana faɗa masa gaskiya ranar da aka sami matsala, hankalinsa yakan kwanta da abin da ya rage a kanti.

To mu dawo gida. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, wadda aka kafa a 1993, tana iya janye madarar gwangwani ko ta leda ta hanyar lambar rukuni. Amma ƙwaryar nonon da aka ɗauko daga ruga zuwa kasuwa ba ta da lamba. Kafin wani ya kwanta ciwo, an dama fura an shanye, babu abin da ya rage da za a janye. Ke nan tamu kariyar tilas ta zo kafin nono ya bar ruga.

Haɗarin ba ƙarami ba ne. Ɗanyar madara tana ɗauko tarin fuka na shanu, tana kuma ɗauko bakkale, cutar da ke sa saniya ɓari. A jikin mutum, bakkale zazzaɓi ne mai tafiya ya dawo, da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta shan maganin maleriya ko taifot ba sauƙi. Tsamin nono shi kaɗai ba ya ba da tabbacin cewa ƙwayoyin sun mutu. Zafi ne ke kashe su. A masana'anta ana ɗumama madara zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30. A gida kuwa tafasawa ta wadatar, kuma iyayenmu mata sun daɗe da saninta, domin da tafasasshiyar madara ake yin kindirmo.

Kirana uku ne. Likitocin dabbobi su riƙa shiga ruga suna gwada shanu. Ƙananan hukumomi su taimaki mata masu tallar nono da ruwa mai tsabta da horo, kada a kore su daga sana'ar da suke ciyar da iyali da ita. Mu kuma masu saye, mu tambaya ko an tafasa, musamman idan yaro ko mai juna biyu za a ba. Rigakafi ya fi magani.

 Allah Ya ba mu lafiya.